Takwarata ta Cikin Rediyo

Kwanakin baya ina zaune a kan benci a wani asibiti a Gumel, na kai jikata a duba mata kunne, sai wani ma'aikaci ya wuce ta gabanmu sanye da takalmi sau-ciki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas a kan siminti, ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa. Ban san lokacin da na gyara zama ba, na karkata kai kamar mai jiran a faɗi wata magana. Jikata ta dube ni ta tambaya ko lafiya, na ce mata lafiya lau. To me zan ce wa 'yar yanzu? In ce mata Sufeto ne ya wuce?

In a birni ka tashi, ba lalle ne ka gane abin da nake nufi ba. Ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, ƙasa ce ta rairayi zalla, kuma a rairayi tafiya ba ta da ƙara. Mutum zai taso tun daga bakin rijiya har tsakar gida ba ka ji motsinsa ba sai ya yi sallama. Saboda haka ranar da muka fara jin takun takalmi a cikin rediyo, babu wanda ya san ko mene ne. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ta yanke hukunci: kofato ne. Wai mutumin, wato Sufeton wasan kwaikwayon da muke saurara, a kan jaki yake yawo, kuma don rashin ta-ido har cikin ɗakunan mutane yake shiga da shi. Mun daɗe a kan haka, sai da Baba ya dawo daga wata tafiya ya zauna ya saurara tare da mu. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce takalmi ne irin na ma'aikatan gwamnati. Kaka ta ce ya je ya gaya wa wasu, ita dai ta san takun jaki. Har ta koma ga Allah ba ta janye ba.

Baba direban babbar mota ne, yana jigilar hatsi da dabbobi daga kasuwar Maigatari zuwa garuruwan kudu, don haka zamansa a gida kaɗan ne. A Maigatarin ya sayo rediyon, ya sa wani baduku ya ɗinka mata rigar fata mai maɗauri, ya danƙa ta a hannun Kaka. Ita kuwa ta riƙe amanar fiye da yadda aka ba ta. Batir ɗin ma ba a cikin rediyon yake kwana ba, a cikin kwallarta ta ajiyar kaya yake, ƙarƙashin tsummokara. In ya fara sanyi a shanya shi a rana kamar kuɓewa, a ce zai farfaɗo, wani lokacin kuma ya farfaɗo ɗin. Ba a kunna rediyon don kiɗa, ba a kunna ta don gaishe-gaishe. Sau ɗaya a mako, bayan la'asar, ake fito da ita gindin darbejiyar tsakar gida, saboda wasan kwaikwayon Sufeto.

Ban san sunan waɗanda suka yi wasan nan ba, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba, amma na san muryoyinsu fiye da na wasu dangina. Sufeton ɗan sandan ciki ne. Kaka, da yake daga wajen Damagaram aka auro ta, Jandarma take ce masa, kamar yadda ake kiran jami'an tsaro a can. Ba ya tsawa, ba ya duka. Zai shiga gidan da aka yi ɓarna, ya yi sallama, ya roƙi ruwan sha, ya tambayi lafiyar akuya, ya tambayi abin da aka ci jiya, kai ka ce hira ta kawo shi. Sai can, bayan makonni, ya jero wa mutum maganganun da ya faɗa da bakinsa, ɗaya bayan ɗaya, har mutumin ya rasa ta cewa. An yi na satar shanu, an yi na gawar da aka tsinta a tsohuwar rijiya, an yi na wani boka da ba boka ba ne. Ƙofa ta yi ƙara, gabanmu ya faɗi. A ƙyasta ashana, mu san Sufeto ya shiga tunani.

Matan maƙwabta sukan shigo kowacce da aikinta. In damina ce ana gyaran ganyen miya, ƙasa tana ƙamshin ruwan da aka yi da safe. In bayan girbi ne ana ɓarar gyaɗa ko fiɗar zoɓo, hannuwa jajur. In bazara ce kuwa kowa da maficinsa, ana jiran iska ta motsa. Wani lokaci tashar ta gudu, Faransancin ƙetaren iyaka ya shigo a daidai inda Sufeto zai faɗi sunan mai laifi, a yi ta salati ana murɗa rediyo ana juya eriya, Kaka tana yi wa 'yan ƙasarsu faɗa su yi mana shiru.

Amma ni ba Sufeto kaɗai ke kawo ni gindin darbejiyar nan ba.

Ni 'yar fari ce. A gidajenmu na da, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Kunya ce, kuma da ita ake auna tarbiyyar mace. Ana yaye ni aka mayar da ni ɗakin Kaka, ɗakin Inna yana can ɗaya gefen, ina ganin ƙofarsa kullum. Ƙannena sun ji sunayensu a bakinta har sun gaji, da safe da rana da yamma, da lallashi da faɗa. Ni kuwa sunana "ke", ko "waccan", ko "yarinyar nan". In tana son ta aike ni sai ta dubi bango ta ce da za a sami mai ɗebo ruwa da an ji daɗi. Ni kuma in ɗauki tulu.

Na san al'ada ce. Na san duk 'ya'yan fari na garinmu haka suke, ba wadda ta ce an cuce ta. Na kuma san ƙanzon da nake tararwa a rufe a ɗakin Kaka ba daga sama yake faɗowa ba. Duk da haka ina son in ji sunana a bakin Inna, ko da da faɗa ne. Son nan ya yi mini yawa har na fara neman rigima da gangan. Na taɓa kwance akuyoyi na kora su kan kukar da ta shanya, na tsaya a fili ina jira. Ta fito, ta dubi ɓarnar, ta dubi saman kaina, ta ce, "Allah ya shirya." Ta je ta gaya wa Kaka. Na sha bulala, sunan kuma ban ji shi ba.

To a wajen rediyo ne kaɗai abin yake sassautawa. Inna mace ce mai shiru, takan zauna can gefe da kabarta da basilla tana saƙar faifai, kamar ba ta ma saurare. Amma duk gidan babu mai kunnenta. Sai ana tsakiyar wasa ka ji ta ce, ba da kowa ba, "Mai gadin nan ƙarya yake. Wanda ya tashi daga barci ba haka muryarsa take ba." Rannan ban san abin da ya kai bakina ba, ni ma na dubi rediyon na ce ai ya ma ce bai ga motar ba, alhali ba wanda ya gaya masa da mota aka zo. Inna ba ta ɗago ba. Ta soka basilla, ta ja kaba, ta ce, "Ashe akwai masu kunne a gidan nan."

Mako guda na yi ina juya maganar nan a raina, ina murmushi ni kaɗai a hanyar rijiya.

Daga nan abin ya zame mana hanya. Ita ta faɗa wa rediyo, ni in amsa wa rediyo. Ta ce matar attajirin nan kukanta ya yi yawa, in ce kuma ba ta tambayi wanda ya mutu ba. Ta ce to, to. Idonmu duka a kan akwati ɗaya, ba wanda zai ce uwa tana hira da 'yar farinta, don ba da ni take ba, ni ma ba da ita nake ba. Wani lokaci mu gano mai laifi tun Sufeto yana shan ruwa. Wani lokaci mu saɓa, in ta yi daidai ta yi shiru, in ni na yi daidai ta ce yaran yanzu sai a bar su. In ka tattara duk hirar da na yi da mahaifiyata a ƙuruciya, mafi yawanta a nan aka yi ta, a kan ɓarayi da masu kisan kai na ƙarya.

Wata shekara bayan girbi, dammunan gero suna jere a bayan gida ba a gama zuba su a rumbu ba, aka fara sabon labari. An ƙona sito na wani attajiri, mai gadi ya mutu a ciki. Wadda ta ga abin da ya faru wata yarinya ce mai tallar ƙosai da sassafe. Sufeto ya sayi ƙosanta, ya yaba, ya tambaye ta sunanta. Ta faɗa. Sunana ne.

Tsakar gida ta kaure da shewa. Aka yi ta zungurina, ana cewa ashe talla nake zuwa a ɓoye. Wadda ta fi kowa jin daɗi ita ce Goggo, ƙanwar Baba, wadda take zawarci a gida a lokacin. Bakinta ba ya hutawa, ga kuma wasan da ke tsakanin mace da ƙannen mijinta, don haka tana da izinin tsokanar Inna yadda ta ga dama. Nan take ta ɗana mata tarko.

"Matar Yaya, wa kika ce ta ga mutumin?"

"Mai ƙosan nan."

"Ba ta da suna ne?"

"Kunnenki ƙalau, kin ji shi."

Haka aka yi ta yi mako bayan mako. Goggo ta bi ta nan, ta bi ta can, Inna ta zille. Mai ƙosai, 'yar tallan nan, baiwar Allahn nan. Ni kuwa ina zaune ina yi wa Goggo addu'ar nasara a ɓoye. A cikin rediyo kowa yana kiran sunan, Sufeto ya kira, uwar yarinyar ta kira, har da "'yata" a gaba. Duk lokacin da aka kira sai in saci kallon Inna. Hannunta bai taɓa tsayawa a kan faifan ba.

Ranar da abin ya faru ana fiɗar zoɓo ne, rana ta yi sanyi, kaji sun fara dawowa. A cikin wasan, yarinyar ta fito daga gidan wata gwaggonta ta biyo wani lungu ita kaɗai. Muna jin silifanta, fat, fat, fat. Sai ga wani taku a bayanta, ƙwas, ƙwas. Matan suka sauke ajiyar zuciya. Kaka ta ce, "Alhamdu lillahi, ga Jandarma nan da jakinsa." Ita ma yarinyar haka ta zata, don mun ji ta tsaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ne?"

Ba a amsa mata ba. Takun ya ci gaba da matsowa.

Inna ce kaɗai ta ji abin da ba mu ji ba. Ƙafa ɗaya tana ɗan jan ƙasa kafin ta sauka. Akawun attajirin ne, wanda aka ji shigowarsa ofis tun farkon labarin, kowa ya manta da shi. Na ga faifai ya faɗi. Na ga Inna a tsaye, ita da ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Ta ƙwala kiran sunan nan, cikakkensa, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba.

"Gudu! Ba shi ba ne, gudu!"

"Na'am, Inna!"

Wallahi ban shirya ba. Na tsinci kaina a tsaye ne kawai, zoɓon da ke cinyata ya watse a ƙasa, amsar ta riga ta fita. Da na yi shiru, da wataƙila an ce da rediyo take, a yi 'yar dariya a wuce. Amma na amsa, kowa kuma ya ji uwa ta kira, 'ya ta amsa.

A daidai nan kiɗan rufewa ya tashi, aka bar yarinyar a lungu sai wani makon. Ba wanda ya kula. Goggo ta rangaɗa guɗa, ta tafa hannu, tana cewa yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Matan maƙwabta suka rufe baki da gefen zane suna ƙyaƙyatawa. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki, ko faifan ba ta ɗauka ba. Kaka ta daka wa Goggo tsawa, ta ce daga yau duk wadda ta sake tayar da maganar mai ƙosai a gaban surukarta, ita da ita ne. Amma kafin gari ya waye labari ya kai bakin rijiya. An daɗe ana nuna Inna da baki, ana cewa ga wadda ta kira 'yar farinta da rana tsaka. Yanzu abin dariya ne. A lokacin ba abin dariya ba ne ga mace irinta.

Da mako ya zagayo aka fito da rediyo, Inna ba ta fito ba. Ta ɗauki turminta ta kai bayan rumbu, ta kama surfen da ba a matsu da shi ba. Muna jin taɓaryarta daga nesa, a ƙarƙashin muryar Sufeto. Yarinyar ta tsira: wani ɗan garuwa ne ya ɓullo lungun, ta samu ta ruga. Daga baya Sufeto ya kama akawun ta dalilin dunduniyar takalminsa da ta cinye ta gefe ɗaya. Na faɗa wa rediyo abin da na gano, kamar yadda na saba. Babu wanda ya ce to, to.

Ba ta sake zama a gindin darbejiyar ba, har aka daina wasan, har rediyon ta lalace aka rataye ta a ɗakin Kaka. Na samu sunan, na rasa hirar. Sau da yawa na auna su biyun a raina, in ga wanne ya fi nauyi, ban taɓa samun amsa ɗaya ba. Abin da na sani shi ne ban yi nadama ba. Da za a mayar da ni wannan yammacin, da na sake amsawa, da ƙarfi ma.

Aka yi mini aure a Gagarawa, daga baya muka dawo Gumel. Ko nasihar aure ta bakin Goggo Inna ta aiko mini da ita. Na sha alwashin ni kam in na haihu, sunan ɗana na fari sai maƙwabta sun gaji da jinsa. Da na haife shi, aka raɗa masa suna, na buɗe baki a gaban mutane, sai na ji harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse. Laƙabi na sa masa, da shi nake kiransa har yau da yake da furfura. A nan na gane abin da ya fizgo sunan nan daga bakin Inna ba ƙaramin abu ba ne.

Yanzu duniya ta sake. 'Yata da sunan ɗanta na fari ake kiranta, Maman wane, tana amsawa da fara'a, tana rungumarsa a gaban surukanta ba abin da ya dame ta. Ba na ganin laifinta, wani lokacin har sha'awa take ba ni. Jikokina kuma a waya suke kallon nasu masu binciken, suna ganin fuskar mai laifi tun kafin ya yi laifin, kowa da abin toshe kunnensa, kowa a kusurwarsa. Ba mai buƙatar ya kasa kunne ya rarrabe taku da taku. Na yi ta tambaya ko akwai inda aka adana wasannin nan na da, ba wanda ya ba ni amsa mai kama hankali. Ina kewarsu, ina kewar matan nan da hannuwansu jajaye, yawancinsu suna ƙarƙashin ƙasa.

A daminarta ta ƙarshe an kawo Inna gidana don ta fi kusa da asibiti. Ta tsufa ƙwarai, idon ya yi rauni, kunnen ne dai yana nan. Wata rana da yamma, an ɗauke ruwa, yara sun tafi makarantar allo, daga ni sai ita a ɗaki ina matsa mata ƙafa. Ta daɗe tana duban bango. Can ta ce,

"Wai ni kam, yarinyar nan mai ƙosai. Ta tsira kuwa?"

Sai da na ɗan jima kafin na gane wadda take nufi. Ashe umarnin Kaka ya yi aiki fiye da kima, duk shekarun nan ba wanda ya gaya mata, ita kuma ba ta da bakin tambaya.

Na ce, "Ta tsira, Inna."

"Bai taɓa ta ba?"

"Ko ƙwarzane."

Ta sake duban bango. Ni ma na mayar da idona kan bangon, na ce ta girma, ta yi aure, tana da 'ya'ya har da jikoki, ba abin da ta nema ta rasa.

Inna ta lumshe ido, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Na daɗe ina tunaninta."

Ba ta kai girbi ba. Mutane da yawa suna kiran sunana yanzu, a waya, a gidan biki, a layin asibiti, duk kuma ina amsawa. Amma wanda aka kira don in gudu in tsira, sau ɗaya aka kira shi, mai kiran kuma ta tafi.